Daga Katsina Zuwa Sakkwato a Jirgi, Sai an Bi ta Abuja

Tsakanin filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina da na Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato, nisan bai wuce kilomita 270 ba idan aka miƙe ta sama. Da akwai jirgin fasinja mai tashi kai tsaye, minti 40 ma ya isa, rabinsa kuma a hawa da sauka zai ƙare. Da wannan lissafin na fita neman tikiti da ɗaurin auren ƙanena ya taso a Sakkwato, ga Hajiyarmu ba ta jure doguwar tafiyar mota saboda ciwon baya.

Mai sayar da tikitin ya dube ni ya ce, "Alhaji, ai sai kun bi ta Abuja."

Katsina zuwa Abuja kimanin kilomita 450 ne, awa guda a sama. Abuja zuwa Sakkwato kuma ya kusa 490, shi ma awa guda da ɗoriya. Wato mun yi kudu, muka sake dawowa arewa, muka ninka tafiyar fiye da sau uku.

Amma ba zaman cikin jirgin ne ya cinye mana lokaci ba. Ƙananan filaye irin namu jirgi ba ya yawan sauka, kuma ba a tsara lokutansu don su dace da juna ba. Ranar ga hazon hunturu ya rufe gari, ko bishiyoyin bakin titin jirgin ba a hangowa sosai. Matuƙi kuwa ba ya sauka sai yana gani zuwa wani nisa da aka ƙayyade, don haka jirginmu ya makara. Hajiya na zaune da carbi, ƙafafunta sun fara kumbura, ni kuma idona na kan agogo. Ko da muka isa Abuja, na Sakkwato ya tashi. Dole muka kwana.

Abin da ya fi ci min rai, tikitin biyu ne daga kamfanoni daban. Na biyun babu ruwansa da makarar na farkon, sai da na ƙara kuɗi aka sauya mana rana. Kaya ma sai ka karɓa ka sake kai su awo.

Da yawa sun ce da mota muka bi. Hanyar Jibiya zuwa Ƙauran Namoda ita ce gajera, amma halin tsaro ya sa mutane ke zagayawa ta Funtuwa da Tsafe su faɗa Gusau su wuce Sakkwato, kimanin kilomita 500. Ban yarda in sa tsohuwa a wannan hanyar ba, kuma har gobe ba zan yarda ba.

Yanzu in tafiya irin wannan ta kama ni, nakan tashi ana gobe hidimar ko ma ana jibi, in nemi kamfani ɗaya in akwai, in kuma sa kwanan Abuja cikin kasafi tun daga gida. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, magungunan Hajiya da kayan sawa ɗaya a jakar hannu suke zama.