Gina wasan dara a Godot da inda ya kamata dokokin wasa su zauna

Injin Godot, wato manhajar gina wasannin kwamfuta da waya, wanda Juan Linietsky da Ariel Manzur 'yan ƙasar Ajantina suka ƙirƙira kuma suka buɗe lambobinsa ga kowa a 2014, ya sami ɗimbin sababbin masu amfani da shi bayan watan Satumba na 2023, lokacin da kamfanin Unity, mai wani injin gina wasanni, ya sanar da sabon tsarin cajin kuɗi da ya janye daga baya. Abin da ya jawo ni gare shi shi ne rashin nauyinsa: fayil ɗaya ake saukewa a buɗe shi nan take, kuma yana aiki a kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, wanda babban al'amari ne ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa. Harshensa na GDScript, wanda ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, ya yi kama da harshen Python, don haka koyon rubutun bai ɗauki dogon lokaci ba. Inda gizo yake saƙa shi ne tsarin ginin wasan kansa.

A Godot kusan komai nod ne, wato ƙaramin tubalin da ake gina wasa da shi. Hoto nod ne, sauti nod ne, maɓalli ma nod ne, kuma ana jera su kamar bishiya, wani a ƙarƙashin wani, sannan a adana bishiyar a matsayin fage guda da za a iya sakawa cikin wani fagen. Wannan sauƙi yana da tarko, domin mai koyo yakan ga cewa tunda kowane dutsen dara nod ne mai ɗauke da rubutunsa, to a nan zai rubuta yadda dutsen yake tafiya da yadda yake ci. Bayan ɗan lokaci sai dokoki su warwatse cikin duwatsu ashirin da huɗu, kowanne yana leƙa maƙwabcinsa don sanin ko an sami uku a jere.

Ra'ayina, kuma na tsaya a kansa, shi ne dokokin dara su zauna a wuri ɗaya da bai san akwai allo ba. Dara tana da gidaje 30, layi biyar na gida shida-shida, kowane ɗan wasa da duwatsu 12. Wannan duka jeri ne na lambobi talatin, sifili ga gidan da babu kowa, ɗaya da biyu ga 'yan wasan. Na ajiye jerin a cikin rubutu guda da bai gaji komai daga nod ba, wato shi ba nod ba ne, tare da tambayoyin da yake amsawa: ko an halatta a ɗora dutse a gida kaza lokacin zubi, ko an halatta a matsa daga nan zuwa can, ko matsawar ta haifar da uku a jere har mai wasa ya cire dutsen abokin karawarsa. Idan yatsa ya taɓa gida a fuskar waya, fagen allo ya miƙa buƙatar ga dokoki, su kuma idan sun amince sai su tura sigina cewa dutse ya matsa, hoton ya bi. Masu amfani da Godot suna da ƙa'ida a kan haka, cewa umarni ya riƙa sauka daga sama, sigina kuma ta riƙa hawa daga ƙasa.

Amfanin wannan rabuwa ya fito fili ranar da aka zo haɗa abokin karawa na kwamfuta. Yana kwafar jerin lambobin nan, ya gwada ɗaruruwan matsawa a ɓoye, ya zaɓi mafi kyau, ba tare da an zana ko dutse ɗaya ba. Haka kuma, tunda ana samun bambancin ƙa'idojin dara daga gari zuwa gari, sauya ƙa'ida ɗaya yana nufin gyara layuka kaɗan a fayil ɗaya kawai.

Sai dai ina jan kunne game da Autoload, wato rubutun da Godot yake lodawa tun farko kuma kowane fage yana iya kiransa. Ya dace da saitin sauti ko zaɓin harshe, amma idan aka zuba halin da wasan yake ciki a cikinsa, kowane maɓalli zai iya sauya gidan dutse, kuma idan dutse ya ɓace daga allo, mai neman dalili zai buɗe kusan kowane fayil na aikin kafin ya gano wanda ya taɓa shi.