Ƙaramin Zarton Lantarki da Aikin Ƙananan Jiragen Ruwa

Tun da na koma yanka katakon ɗan jirgin ruwan da nake ƙerawa da ƙaramin zarton lantarki, na fahimci cewa babban amfaninsa shi ne daidaito. A ma'aunin 1:48, kuskuren milimita 1 daidai yake da kusan santimita 5 a jirgi na gaske, saboda haka wajibi ne kowane siririn katako ya fito da kauri ɗaya da ɗan'uwansa. Faifai mai ƙananan haƙora yana barin gefen katako sumul, kodayake yakan ɗau zafi har ya ƙona itacen idan aka matsa masa. Da 'yar sanda nake tura katakon, domin faifan, duk da ƙanƙantarsa, yana iya datse yatsa.