Yini guda a Greenwood

Bayan sallar asuba muka bar Dallas, ni da ɗan yayata da ke karatu a can, shi ke tuƙi. Tafiyar awa huɗu ce da 'yan kai zuwa birnin Tulsa a jihar Oklahoma. Tun kafin mu ɗauki hanya na gaya masa niyyata: yau duk abin da zan saya, a hannun baƙar fata zan saye shi. Ya ce, "Kawu, za ka sha wuya fa. Manyan kantunan sun fi arha, ga su kuma a bakin hanya." Na ce na sani. Haka muka yi ta wuce gidajen abinci, muna cin dabinon da muka taho da shi.

Greenwood unguwa ce a arewacin Tulsa. A 1906 wani baƙar fata mai suna O.W. Gurley ya sayi fili eka 40 a wurin, ya riƙa sayar wa 'yan'uwansa. Zamanin wariyar launin fata ne, yawancin shagunan Turawa ba sa karɓar baƙar fata, sai kuɗin mutanen unguwar ya riƙa zagayawa a tsakaninsu, daga mai aski zuwa tela, daga tela zuwa likita. Har ta kai ana kiran wurin Wall Street na baƙar fata, ana kwatanta shi da shahararren titin hada-hadar kuɗi na birnin New York. J.B. Stradford ya gina otal mai ɗaki 54, iyalan Williams suka buɗe gidan sinima na Dreamland.

Daren 31 ga Mayu zuwa 1 ga Yuni 1921 gungun Turawa ɗauke da bindigogi suka afka wa unguwar, bisa zargin wani matashi mai goge takalma da taɓa wata Baturiya, zargin da daga baya aka yi watsi da shi. Gidaje sama da 1,200 suka ƙone, mutum kusan 10,000 suka rasa matsuguni, wasu masu bincike na cewa waɗanda aka kashe sun kai 300. Kamfanonin inshora suka ƙi biyan diyya. Duk wannan na gan shi a gidan tarihin Greenwood Rising da aka buɗe a 2021, amma a waje abin ya fi taɓa ni.

A kan daɓen gefen titi an kafa ƙananan alluna na ƙarfe, kowanne ɗauke da sunan wata sana'a da lambar shagonta. Shagon magani, gidan burodi, ofishin lauya, wurin ɗinki. A ƙarƙashi an rubuta cewa an rusa shi a 1921, sannan a faɗa ko ya sake buɗewa ko bai sake ba. Na yi ta tafiya kaina a sunkuye ina karantawa. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake tara jari kwabo-kwabo, na san shekarun da ake ɗauka kafin mutane su san ƙofar shagonka. Duk inda na ga "bai sake buɗewa ba" sai na tsaya.

Mutanen Greenwood sun sake gina unguwar da ƙarfinsu, ta kuma farfaɗo. Bayan shekaru sai aka ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyarta, ta bi ta kan inda Dreamland yake. Abin da ya rage na tsohuwar kasuwar 'yan gine-ginen jan bulo ne, ba su fi a zagaye su cikin minti goma ba.

Nan muka nemi abinci. Na tambayi matar da ke karɓar kuɗi abin da babu alade a ciki. Ba ta ɓoye min ba, ta ce ganyen yau da naman alade aka dafa shi, in bar shi. Ta kawo mana soyayyar tarwaɗa da soyayyar kuɓewa da burodin masara. Mun jira kusan minti arba'in, kuɗin kuma ya fi na gidajen da muka wuce a hanya, in ka juya shi zuwa naira sai ka ja numfashi. Na biya da farin ciki. Kuɓewar nan daga Afirka ta zo, a zamanin cinikin bayi, ga ta yau a farantina a Oklahoma.

Shagon da nake son saya wa yara riguna a rufe muka same shi, muka zauna a inuwa har mai shi ya dawo. Na ɗauki riguna huɗu da littafi guda kan tarihin unguwar. Ɗan yayata ya shiga shagon aski, ya ce tunda an zo, gara a yi a nan. Ni kuma na shimfiɗa sallaya kusa da mota na yi la'asar, ƙarar manyan motoci na wucewa a kan gadar da ke samanmu.