Sati 14 da fara gudu: yadda ta kaya tsakanina da ciwon kwankwaso

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon gudu. Na daɗe ban faɗi inda aka kwana ba, kusan wata ɗaya da rabi kenan, kuma ba komai ya jawo shirun ba sai ciwon da ya kama ni a kwankwaso ta ɓangaren dama, wanda sai da ya sa na ajiye takalmi na kwana 12 cur. Yau bayan asuba na yi kilomita 4 ban ji ko ɗis ba, alhamdulillah, shi yasa nace bari in zauna in ba ku labarin tun daga tushe, musamman ku da kuka fara a bayana, don wallahi bana so wani ya bi ta inda na bi.

Ga waɗanda ba su sanni ba, ni tela ne a nan Kano, shekarata 38, kuma tun ƙarfe 9 na safe ina kan keke har bayan magariba, in an matso sallah kuwa sai dare ya raba. Abin da ya fito da ni gudu awon jini ne, likita yace ya fara hawa, kilona 91 a lokacin, yace in rage gishiri in motsa jiki. Na fara da tsarin nan na Couch to 5K, wanda ke ɗaukar sabon shiga a hankali har ya iya gudun kilomita 5, da hukumar lafiya ta Ingila ta yi wa manhaja a waya, sati 9 ne, sau 3 a sati, satin farko gudun sakan 60 ne sai tafiyar sakan 90 kana maimaitawa. Sati ukun farko na bi shi sau da ƙafa. Jiki ya yi tsami sosai, cinyoyi biyu da sha-raɓa, in zan tsuguna sai na dafa bango, amma wannan tsamin ba abin tsoro bane, yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku bayan gudun, yana kama ƙafa biyun tare, kuma da ka ɗan motsa sai ya saki.

A sati na 4 ne na yi kuskuren. Numfashina ya buɗe, na daina haki, ina gama abin da manhajar tace in ji kamar ban yi komai ba, sai kawai na watsar da tsarin na koma fita kwana 6 a sati, daga kamar kilomita 2 na haye 5 cikin kwana goma, duk akan kwalta. Abin da ban sani ba a lokacin, kuma shine abin da nafi so ku riƙe a duk rubutun nan, zuciya da huhu suna saurin sabawa da gudu, cikin 'yan makonni za ka ji bambanci, amma ƙashi da jijiyoyin da suka ɗaure tsoka da ƙashi suna buƙatar watanni. Wato ƙirjinka zai ce maka ƙaro, alhali ƙafarka ba ta shirya ba, kuma ita ba za ta yi magana ba sai ta gaji.

Ƙwaurina ne ya fara. Wani zugi a gefen ciki na ƙashin, in na bi da yatsa sai in ji ciwon ya miƙe kusan tsawon tafin hannu, ba waje ɗaya ba. Da na fara gudu yana ciwo, in jiki ya ɗau zafi ya lafa, da yamma ya dawo. Na share. Bayan kamar sati sai kwankwaso ya karɓa, daidai ƙashin nan da ke turowa a gefe, wajen da aljihun wando yake. Da farko sai na kusa gamawa nake jinsa, daga baya ya zama tun fitowa daga gida, hawa matakalar shago ciwo, ɗaga ƙafa in shiga adaidaita sahu ciwo, zaman tahiya sai na karkace. Abin da yafi damuna shine kwanciya, ni mutum ne da tun ina yaro a ɓarin dama nake kwanciya kamar yadda aka koya mana, sai ga shi ba dama in kwanta a kansa, tsakar dare zugi ya tashe ni.

Na je kemis aka bani diclofenac, na haɗa da shafa Aboniki, kuma gaskiya ciwon ya yi shiru. Kwana 5 ina haɗiyar magani ina fita gudu. Dan Allah kar ku yi wannan. Maganin bai gyara komai ba, ƙararrawar kawai ya kashe, ni kuma na ci gaba da dukan wajen, ranar da na daina sha ɗingishi na dinga yi. Ban da haka irin su diclofenac da ibuprofen suna iya ci wa mai olsa ciki, suna wahalar da ƙoda musamman in mutum ya yi gumi bai sha ruwa sosai ba, kuma suna iya ɗaga hawan jini, ni da hawan jinin ne ma ya fito da ni. Wanda ya sayar min bai tambaye ni ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ni ma ban faɗa ba.

Wani dattijo da muke haɗuwa da shi a filin sukuwa, tsohon soja ne, ya haura 60 amma har yanzu yana zagaye, shi ya tsayar da ni ranar da ya ga ina jan ƙafa. Yace "ɗana, koma gida, gudun nan ba guduwa zai yi ba." Nace Baba ai in na tsaya duk wahalar da na sha ta tashi a banza. Yace in je in ga masu gashin ƙashi kafin in sake saka takalmi. Maganarsa na bi.

Likitan fisiyon da na gani, wato mai gashin ƙashin, bai fara da gashi ba ma, tambayoyi ya jera min. Ina ne daidai wajen, in nuna da yatsa ɗaya. Ko ciwon yana cikin matsematsi. Ko yana saukowa daga baya har ƙasan gwiwa, ko ƙafar tana minjirya. Ko ni sikila ne. Sannan yace in tsaya da ƙafar dama kaɗai in ɗan durƙusa kaɗan. Ina yi sai gwiwata ta faɗa ciki, kwankwason hagu ya zube ƙasa, na kusa kifewa. Da na yi da hagu ya fi dama-dama. Yace "Malam ka gani? Ga matsalarka nan."

Bayanin da ya yi min, akwai tsoka a gefen ɗuwawu daga sama, sunanta a likitance gulutiyos midiyos, aikinta ta riƙe ƙugu a daidaice duk sanda ka tsaya da ƙafa ɗaya. Shi kuma gudu ai tsayuwa ce da ƙafa ɗaya sau dubbai, kuma duk saukar ƙafa nauyin da ke hawa kanta yakan ninka nauyin jikinka sau biyu ko fiye. Mai wuni a zaune irina wannan tsokar ba ta samun aiki, sai ta yi rauni, da aka ɗora mata kilomita 5 kullum sai jijiyarta da ke manne da ƙashin gefen nan ta fara ƙorafi. Akwai kuma wata doguwar jijiya mai faɗi da ta taso daga ƙugu ta bi gefen cinya har ƙasan gwiwa, ni dai da yana kwatanta ta sai na ga ɗinkin gefen wando sak, ita ce ke bi ta kan wajen tana danne shi duk sanda ƙugu ya zube ko ka ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. A nan na gane me yasa harɗe ƙafa akan tabarma ke tayar min da ciwon, da kuma miƙar da nake yi ina jawo gwiwa ta tsallake ƙirji wai ina saki wajen, ashe ƙara matse shi nake. Yace in bar wannan miƙar tukunna, in daina tsayuwa ina jingina nauyi a ƙugu ɗaya kamar yadda nake yi a teburin yanka, in zan kwanta kuma in kwanta rigingine ko a ɓarin hagu da filo tsakanin gwiwoyi.

Kwana 12 ɗin da ban yi gudu ba ba zama na yi ba. Tafiya nake minti 20 a ƙasa mai laushi, sai atisaye guda huɗu da ya bani, kullum bayan asuba akan darduma. Na farko in kwanta rigingine in lanƙwasa gwiwa in ɗaga ɗuwawu sama in riƙe sakan 5, sau 12. Na biyu in tsaya kusa da bango in ɗaga gwiwa ɗaya in tura bangon da ita ta gefe, in riƙe sakan 20, wanda ke aiki a nan ƙafar da kake tsaye a kanta ce, za ka ji gefen ɗuwawu ya ɗau wuta. Daga baya ya ƙara min kwanciya a gefe ina ɗaga ƙafar sama a miƙe, diddige ya ɗan koma baya, ba sai ta yi sama sosai ba. Na ƙwauri kuma ɗage ne, in tsaya a bakin dakali in hau kan yatsu in sauko a hankali sau 15. Duka bai fi minti 15 ba. Da rana kuma na sa wa kaina doka, duk rigar da na gama sai na miƙe na zaga shago kafin in ɗau wata. Madubin da kwastomomi ke gwada kaya ya zama nawa, kullum kafin yara su zo nakan tsaya gabansa da ƙafa ɗaya in duba ko gwiwar na faɗawa, kuma a sati na uku na fara ganin tana tsayawa saitin yatsu.

Takalmi zan yi maganarsa a taƙaice. Nawa na gwanjo ne daga Kofar Wambai, samansa kamar sabo, amma da na ɗora shi akan tebur na kalle shi ta baya sai na ga na daman ya karkata, dunduniyar ta cinye ta gefe guda. Takalmin gudu yawanci kilomita 500 zuwa 800 yake yi kafin katifarsa ta mutu, shi kuma na gwanjo wani ya riga ya ci nasa rabon. Ban ce kar a saya ba, ni ma wani gwanjon na sake saya don shi aljihuna zai iya, amma wannan karon ƙasan na duba ba saman ba.

Abu biyu da na canza da na dawo, kuma ina jin sun taimaka sosai. Na ɗaya gefen titi. Kwalta ana yinta ne da ɗan gangare zuwa kwata don ruwa ya sauka, to in kullum a gefe ɗaya kake gudu ƙafa ɗaya tana ƙasa ɗaya tana sama kenan, ƙugu a karkace tun daga fita har dawowa. Yanzu mafi yawan gudun a filin ƙasa nake yi, in zagaye ne kuma ina juya hannu rana-rana. Na biyu taku. Da ina wurga ƙafa can gaba ina dira da dunduniya gwiwa a miƙe, na ɗauka shine gudu mai kyau. Na ƙirga takun ƙafar dama na sakan 30 na ninka sau 4, ya bani 152 a minti. Fisiyo yace in ƙara kamar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba tare da na ƙara sauri ba, wato in gajarta takun ƙafar ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jiki, hakan na rage nauyin da ke hawa kan gwiwa da kwankwaso. Yanzu ina wajen 162. Kwanakin farko abin ya yi min banbaraƙwai, kamar ina sassarfa a kasuwa, amma ƙwaurina ya fi kowa jin daɗinsa.

Akwai ciwon da ba na atisaye akan darduma bane, wannan kam ku ji ni da kyau. In ciwon a cikin matsematsi yake, yana ƙaruwa da ka taka, ba ka iya tsalle da ƙafar ɗaya, ko yana zugi kana kwance ba ka danne shi ba, zai iya zama tsagewar ƙashi ce a wuyan ƙashin cinya, kuma in aka ci gaba da gudu a kai tana iya zama cikakkiyar karaya. Haka a ƙwauri, in ciwon ya tattaru a ɗigo ɗaya da kan yatsa zai rufe, a je a duba, hoton farko ma wani lokacin baya nunawa. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, wannan asibiti ne a ranar, don gudan jini na iya kawo haka. 'Yan uwanmu masu sikila kuwa, ciwon kwankwaso a wajenku ba abin jira bane ko kaɗan, cutar kan toshe jinin da ke zuwa kan ƙashin cinya har ya fara lalacewa, kuma gara a gano da wuri. Mu na Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan kusa da mu.

Da na dawo, komawa na yi sati na 3 na manhajar, duk da a da ina yin kilomita 5. Ba zan ɓoye muku ba abin ya yi min ciwo a rai, mutanen da muka fara tare suna wuce ni ina tafiya. Ƙa'idar da nake bi yanzu itace in na auna zafin ciwo bai wuce 3 cikin 10 ba, bai sa ni ɗingishi ba, kuma washegari da safe ya koma yadda yake, toh na ci gaba. In ya wuce haka na koma baya taki ɗaya. Sau biyu hakan ta faru, duka biyun kuma a ranakun da na kwana ɗinki ban samu barci ba.

Inda nake yau: kwana 3 a sati, Litinin, Laraba da Asabar, atisayen ƙugu sau 3 a ranakun da ba gudu, kilona 86. Ina iya kwanciya a ɓarin dama kamar rabin dare kafin ya fara min magana. Ƙwauri ya yi shiru gaba ɗaya. Sati mai zuwa zan tsaya a kilomita 4 ɗin nan ba ƙari, in Allah ya kai mu na sama in gwada 4 da rabi ranar Asabar kaɗai. Hunturu ya fara shigowa, sanyin asuba na sa ƙafa ta yi tauri, don haka na mai da tafiyar ɗumama jiki minti 10 maimakon 5. In akwai mai aikin zama a cikinku, direba ko mai POS ko tela ɗan uwana, ku gwada tsayuwar ƙafa ɗayan nan gaban madubi ku faɗa min abin da gwiwarku ta yi.