Asabar: Ashe Kwaɗo Ma Yana Nutsewa

Ban gama azkar ɗin asuba ba Auta ta faɗo ɗaki tana kuka. "Abba, Tanko ya mutu!"

Tanko ɗaya ne cikin ƙananan kwaɗin ruwa uku da nake kiwo a tankin gilashi a falo. Na fito na same shi a saman ruwa, ya baje hannuwa da ƙafafu kamar an shanya shi, ko motsi babu. Na ce mata ta ƙirga zuwa ashirin. Ba ta kai sha biyu ba ya yi wuf ya koma ƙasa. Haka suke shan iskarsu, sai su sake jiki su yi ta yawo a sama kamar gawa, kuma duk baƙon da ya gani sai ya yi min ta'aziyya.

Na so in yi mata dariya, amma da na sunkuya sai dariyar ta maƙale. Sauran biyun sai hawa suke suna buga hanci a murfi. Laifina ne. Jiya da dare zafin Agege ya ishe mu, ma'aunin da ke manne a gilashin ya nuna digiri 30, su kuwa sun fi jin daɗin 24 zuwa 26. Sai na ƙara ruwa har baki, wai don ya yi sanyi, na mayar da murfi na kwanta. Tsakanin ruwan da murfin ko yatsa ɗaya ba zai shiga ba. Ga shi an ɗauke wuta tun ƙarfe biyu, injin tace ruwa ya tsaya.

Mutane na ganin tunda ba sa fita ruwa, kamar kifi suke. A'a. Tun da suka bar matsayin talibambam da huhu suke numfashi, dole su hau su shaƙi iska. Fatarsu na ɗan tsotsar oksijin daga ruwan, amma ba ta isar su, kuma ruwa in ya ɗumama oksijin ɗinsa raguwa yake. Wato a daren da suka fi buƙatar hawa na toshe musu hanya da hannuna.

Na ɗauko kofin roba na yi ta kwasa har aka sami tazarar yatsu huɗu, zurfin ya dawo santimita 25. Ba gwanayen iyo ba ne, in tanki ya yi zurfi da yawa hawan ma wahala ce. Uwargida ta ba ni fiya wata biyu masu sanyi daga kula, na ɗora su a kan ruwan ba tare da na fasa ba, don zafin ya sauka a hankali. Murfin kuwa na maye shi da ragar sauro da na ɗaure da roba. Barin tankin a buɗe ba zai yiwu ba, suna tsalle su fito, kuma in fatar ta bushe a kan tayil an gama.

Daga nan na zauna da shayina ina kallo. Ladi, ɗaya daga cikin sauran biyun, takan lafe a ƙarƙashin ganye, sai ta tokari ƙasa ta miƙe sama kamar kibiya, ƙarshen hancin kawai ke huda ruwan, kumfa ɗaya ta fashe, ta juyo da gudu kamar yaron da ya saci nama a tukunya. Duka bai fi ƙiftawar ido ba. Da farko na ƙirga mata hawa bakwai cikin minti goma. Kafin in tashi ta koma ɗaya ko biyu, sai hankalina ya kwanta.

Hajiya, da ta zo mana daga Funtua ganin likita, tana kan tabarma tana kallona. "Kai wannan yaro, mutane na kiwon kaji kai kana kiwon kwaɗo. Da burduddugi ne ma ai sai a ce wani zai ci." Na ce mata asalinsu dazukan Kongo ne da Kamaru har zuwa kudancin ƙasar nan, masana na kiransu Hymenochirus, kuma ko harshe ba su da shi, zuƙar abinci suke. Ta ce to shi ya sa ka so su, ba sa mayar maka da magana.

Na leƙa kasuwar Mile 12 wajen lissafin albasa, cunkoson hanya ya cinye min yinin. Da na dawo jajayen tsutsotsinsu da ke firiza sun narke sun fara wari, na zubar. Yau sai haƙuri, kwana ɗaya babu ci ba ya yi musu komai. Auta ta tsoma hannu gyara raga, na kora ta wanke da sabulu, don kwaɗi na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa.

Wuta ta dawo bayan isha'i, unguwa ta ɗauki ihu. Yanzu sha ɗaya saura, Tanko ya fara 'yar waƙarsa ta neman mace, wani zzzz siriri daga ƙarƙashin ruwa. Hajiya ta ɗaga murya daga ɗaki wai a duba firij ɗin nan, yana ƙara.