Yadda Aka Sallama Mini Gida a Hayin Banki Da Baki Kawai

Bayan la'asar muka zauna a zaure, ni da yayana da dillali, dattijon mai gidan yana kan buzunsa. Gida ne mai ɗaki huɗu da shago a gaba, a Hayin Banki kusa da Kawo, a Kaduna. Na taya miliyan 11, ya ce albarka. Muka yi ta ja har aka kai miliyan 12 da rabi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Na sallama maka, ɗana. Allah ya sanya alheri." Aka shafa fatiha. Na tura masa dubu 500 na kafin alƙalami, na ce ciko nan da mako uku. Ko layi ɗaya ba mu rubuta ba.

Kuɗin da na dogara da su na wani fili ne da na sayar a Rigachikun, sai suka maƙale. Mako uku ya cika, kunya ta hana ni kiran dattijon. Kullum sai in ce gobe, in sun shigo sai in je da su gaba ɗaya. Haka kwana goma ya wuce. Wannan laifina ne, kuma har yau yana damuna.

Dillali ne ya same ni da daddare, ya ce wani ya zo da miliyan 14 a hannu, 'ya'yan dattijon kuma sun matsa masa ya karɓa. Ban yi barci ba. Ana idar da sallar asuba na nufi gidan.

Na durƙusa na ce, "Baba, a yafe mini." Ya ce, "Ɗana, da ko yaro ka aiko ya ce kuɗi ba su samu ba, da hankalina ya kwanta. Ni dai na riga na furta." Ashe ya mayar da mutumin tun jiya, ya tuna masa hadisin da ya hana Musulmi yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, da zarar an taya an sallama ciniki ya ƙullu. Ya ƙara da cewa in na ga ba zan iya ba, in faɗa masa a fili a warware, ya mayar mini da kafin alƙalamina cif, domin bai halatta ya riƙe ba. Miliyan ɗaya da rabi ya bari saboda kalma guda, ni kuwa kiran waya ya gagare ni.

Yayana ne ya ce a rubuta a ranar. Na ji nauyi, kamar muna tuhumar mutumin da ya gama nuna mana dattako. Dattijon da kansa ya cire mini wannan nauyin, ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

Sai da muka zauna gaban mai unguwa da shaidu biyu na gane yawan abin da kowa ya ƙudurta a ransa bai furta ba. Ni a ganina injin rijiyar burtsatse da tankin suna cikin gida, shi kuwa da niyyar tafiya da su yake. Telan da ke shagon ya biya haya har wata bakwai gaba, ban sani ba. La'adar dillali ma kowa na zaton ɗayan ne zai biya kaso mafi tsoka. Babu mai niyyar cuta a cikinmu, amma da sai bayan na tare waɗannan suka fito, da an ji kanmu. Ɗaya bayan ɗaya muka tsayar da su, har ranar ba da makulli.

Kafin in biya ciko na je KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, aka duba fayil, aka tabbatar takardar mallakar da sunan dattijon take. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka sai da amincewarsa mallaka ke komawa sunan mai saye. Fatihar zaure ba ta isar wa wannan.

Ranar da na cika kuɗin, dattijon ya ɗauki injinsa kamar yadda aka rubuta, ya bar mini tankin kyauta. Telan kuwa yana shagon har yanzu, shi ya ɗinka wa yarana kayan sallar bana.