Suwaita mai huji a sanyin Jos

Aure ne ya kawo ni Jos daga Maraɗi. Kafin in taho ban ma ɗauki abun a matsayin barin ƙasa ba, don mu mutanen Maraɗi Najeriya ba baƙuwarmu bace, in ka bi ta Ɗan Isa ka tsallaka Jibiya ai ka shiga Katsina kenan, dangi ta ko'ina, kasuwa ɗaya ake ci. Toh amma Jos ba Katsina bace. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, kuma sanyinsa kashi biyu ne. Akwai na Disamba da Janairu wanda ruwan alwalar asuba sai an ɗora shi a wuta, wannan na san ɗan'uwansa a gida duk da namu hantsi na ɗagawa ya wuce. Wanda ban sani ba shine na damina, Yuli da Agusta, yayyafi ya wuni yana sauka, hazo ya rufe duwatsu, ka yi shanya ta kwana bata bushe ba, ni da na tashi inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 sai gani da safa a ƙafa tsakiyar damina.

Hausa kam kowa na ji, Birom da Jarawa da Angas har Inyamuran kasuwa, amma Hausa ce mai Turanci a ciki, ni kuma bokona na Faransanci ne, a asibiti ko wajen mai POS sai in tsaya ina kallon bakin mutum. Da na buɗe nawa bakin kuma an gane, sai kaji ance 'yar Nijar ce. Ba da mugunta ake faɗa ba, amma sunana kenan a layinmu, ba wanda ya damu da na yanka. Maigida ya zaunar da ni ya lissafa min unguwanni, nan ana shiga, nan ba a yin dare, tun rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 kowa ya koma cikin nasa. Sai na zama 'yar zaman ɗaki. Da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka kuwa, har zuwa Maris na 2024, nan na tabbatar lallai ƙasar waje nake, innata tana can ba halin zuwa sai murya a WhatsApp.

Saƙa na iya ta tun a gida, a makarantar koyon sana'a ta mata, amma iyakarmu hular jarirai da safa, wa zai zauna saƙa rigar babba a Maraɗi. Zaman shiru ne yasa na ce maigida ya kai ni inda ake saida zare, ya kai ni Taminus, wajen babbar kasuwar nan da ta ƙone a 2002, 'yan kasuwa suka bazu a titunan gefenta. A nan na samu wata dattijuwa Birom, tana tsaron shago tana saƙa ko kallon hannunta bata yi. Na ɗauki zare ina juyawa, ta ce "'yata me zaki saƙa?" Na ce suwaita Mama, tawa ta kaina. Ta ce in dai don sanyi ne wannan na roba ne, zai yi kyau a ido amma in an sha wanki sai ya yi ƙwallaye, kuma baya riƙe ɗumi kamar ulu na gashin tumaki, shi kuma na gaskiyar tsada gareshi ba kowa ke kawowa ba. Mai kaya da kanta tana kushe kayanta, na yi mamaki wallahi. Ita ta koya min dabarar gwanjo.

Dabarar itace ka je Katako wajen masu gwanjo ka nemi manyan suwaitocin maza na ulu, ko sun tsufa ko fasalinsu ba kyau ba komai, zaren kake so. Abu na farko ka juya rigar ka duba ɗinkin gefe. In haɗin kamar sarƙa yake, kowane ɓangare an saƙa shi daban aka haɗa, wannan zai warware tas zare ɗaya dogo. In kuwa ka ga an yanka ne aka bi bakin da keken ofalok, ajiye musu abunsu, guntaye kawai zaka samu. A gida sai ka ƙona ɗan bakin zaren, ulu na gaske warin babbaka yake ya zama toka mai murmushewa, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Bayan an warware zaren yana fitowa a nannaɗe, sai a naɗe shi a bayan kujera a ɗaure wuri huɗu, a jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan ba cuɗawa, don in aka cuɗa ulu a ruwan zafi cukurkuɗewa yake ya zama kamar bargo, shikenan an yi asara. A rataye a inuwa ya miƙe. Rigar mace babba tana cin kusan giram 500.

Adon da na zaɓa na ganye ne, layi-layi daga ƙasa zuwa kafaɗa, tsakaninsu da ɗan tudu mai murɗe. Mutane suna ganin saƙa mai huji kamar wani sihiri, alhali abu biyu ne kawai. Ka zagaya zare a kan allura ba tare da ka saƙa komai ba, wannan shi ke bada huji kuma ya ƙara ido ɗaya, wato ɗan madaukin zaren da ke kan allura. Sai ka haɗa ido biyu ka saƙa su a matsayin ɗaya, ya rage ɗayan da ka ƙara. Duk huji da abokin ragewarsa, inda ka sa su ne ke fitar da ganye ko lu'ulu'u ko igiyar ruwa. Wahalar a lissafi take, ido ɗaya ya ɓace a layi, ganyen duk ya karkace kuma ba zaka gani ba sai ka yi nisa. Shi yasa duk ƙarshen zagayen ado nake zura wani siririn zare mai launi daban ta cikin idanun layin gaba ɗaya, ko an warware a nan zai tsaya. Kuma kafin a fara riga sai an saƙa ɗan gwaji an wanke an auna, ni da allura mai milimita 4 ido 22 ke bani santimita 10, faɗin santimita 50 kenan ido 110, na ƙara ɗaya don adon yana maimaituwa ne duk ido goma da ɗaya na rufe gefe. Bakin ƙasa da na hannu da wuya da allura mai ɗan siranta ake yi don su kama jiki.

Bayanin da ke intanet yawanci Turanci ne da wasu gajerun haruffa, ni ba na bi ta kansu, zanen nake nema. A zanen ɗan da'ira huji ne, karkataccen layi haɗe biyu ne, ko Bajamushe ne ya zana zan karanta.

Ina cikin saƙa bayan rigar uwar mijina ta shigo, ta ɗaga shi ta leƙo ni ta cikin hujin ta ce "Ke 'yar nan, rigar sanyi ce wannan ko rariya?" Na ce Hajiya ki bari a gama. Ta ce "Toh Allah ya nuna mana, amma ni a sanina maganin sanyi toshewa ake ba hudawa ba." Tana da gaskiyarta, ba rigar fita sallar asuba a Janairu bace, iska na ratsa ta. Amma a kan doguwar riga mai hannu, ƙarƙashin hijabi, a sanyin damina ko na yamma, ulu yana riƙe ɗumi sosai kuma baka yin gumi in ka shiga keke napep an matsu. Sannan saƙar mai huji tana kan allura a yamutse take ba kyan gani, sai an gama an wanke, an naɗe ta a tawul an taka ruwan ya fita, an shimfiɗa a tabarma an ja kowane gefe daidai awo an kafe da fil, a nan ganyen ke buɗewa. Ba a rataye ta da ruwa, zata zube ta yi tsawo.

Wajen wani suna a Gangare na fara sa ta, ruwan toka ce mai duhu. Ina cire hijabi mata suka yo kaina, wannan ta ja hannun riga wannan ta juya wuya tana neman tambarin kamfani, wata ta rantse daga Dubai aka kawo. Hajiya kuwa da ta ce rariya, ita ke ce musu "surukata ce ta yi da hannunta, zama ta yi ta ƙirga shi ɗaya bayan ɗaya." Daga ranar aka koma cewa gidan mai saƙa, har yaran layi in an aiko su haka suke tambaya.

Inda muke samun saɓani da mutane kuɗi ne. Mace zata biya tela kuɗin aiki mai yawa a kan leshin da zata sa sau ɗaya ba ta ce uffan ba, amma in na faɗi kuɗin suwaita sai ta ce ai a Katako da kaza zata samu uku. Gaskiya ne zata samu, nima can nake sayowa in warware. Aikin makonni ne, ido da wuya da kafaɗa duk suna biya, don haka na daina jayayya, wadda ta ga tsada sai in ce ta zo ran Asabar bayan la'asar da allurarta in koya mata kyauta. Wasu sun zo sau ɗaya basu dawo ba, waɗanda suka jure kuma yanzu su ke raka ni asibiti su yi min tafinta, su suka nuna min Farin Gada inda ake sayen kabeji da karas da dankalin Turawa da araha. Mama ta Taminus ma na kan kai mata hulunan yara ta rataya a shago mu raba riba, da Kirsimeti ta aiko min shinkafa da kaza mai rai don ta san sai mun yanka da kanmu, da layya na kai mata soyayyen nama.

Yanzu na maigida ce a kan allura, ya matsa shima sai an yi masa. Sharaɗinsa ɗaya, ko huji ɗaya kar ya gani, wai ba zai shiga sahu abokansa na masallaci su sa shi a gaba ba. Murɗe-murɗe kawai nake masa, kuma irin wannan ta fi cin zare nesa ba kusa ba, suwaita biyu na warware har yanzu ban kai hannun rigar ba.